Sirdin da Noy Ambo Ya Ɗaura

"Me ka ce za ka shafa mata?"

"Man takalmi," in ji Noy Ambo, bai ko ɗaga kai ba.

Bos Kulas ya dubi bindigar da ke kwance a kan teburin aiki, ya dubi gwangwanin man, ya sake duban bindigar. "Bindigar da na ɗauka na hau jirgin ruwa da ita har Siquijor, tsibirin bokaye, boka ya kwana yana yi mata tofi, ita za ka goge kamar takalmin ɗan makaranta?"

"To kawo yawun bokan mu gwada, in zai hana gam kamawa."

Bauna ya ƙyalƙyale da dariya, Kulas ya harare shi, dariyar ta maƙale masa a wuya.

Rana ce tsaka, a rumfar Noy Ambo da ke bayan garken aladu, can kan tudun Santa Ines. Su biyar ne. Bos Kulas, mai gayya mai aiki, gajere mai farar hula da zobe a kowane yatsa. Bauna, ƙato wanda Allah ya ba shi ƙirji ya riƙe sauran. Tikboy maharbi, siriri kamar tsinken tsire. Noy Ambo mai rumfar (Noy a wurinmu yaya ke nan), wanda duk garin nan da ake ƙera bindiga gida gida babu mai hannunsa. Sai ƙanensa Titing, direban motar kuɗi, yana zaune a kan buhun dusa yana washe baki.

Ni ba na wurin. Ni Pidoy ne mai aski, shagona na kallon coci. Amma duk kan da ke cikin labarin nan ya taɓa shiga hannuna, da na ɓarayin da na 'yan sandan, kuma mutum in ka kwantar da shi ka ɗora masa aska a maƙogwaro, sai ka ga ya fi sakin baki da kai fiye da yadda yake yi da fadan coci a ɗakin furta zunubi.

Matsalar bindigar ƙarama ce. Doguwa ce mai sakata, ƙirar wani ɗan garinmu da ya gaji zarto bai gaji ido ba. Bayanta bai daidaita ba, don haka ƙarfen da ake ɗaura madubin hangen nesa a kansa, wanda mu ke ce wa sirdi, yana rawa. Tikboy ya auna kwakwa ya kashe akuyar mutane.

"Ba ni ba ne, Noy," in ji Tikboy. "Sirdin ne."

"Ku biyun ne. Amma shi yana gyaruwa."

Noy Ambo ya kankare ƙarƙashin sirdin da zarto har ya yi kaushi. Ya shafe bayan bindigar da man takalmi, ya shafe sukurori ɗaya bayan ɗaya, ya toshe bakin ramukansu da yumɓu. Sannan ya matso gam ɗin nan mai haɗi biyu, baƙi da fari, ya cakuɗa a kan kwalin taba har ya koma ruwan toka.

"Gam ba shi da dangi," ya ce. "Duk abin da ya taɓa ya aura. Inda ka shafa mai, nan ne kawai zai saki. Ina so ya kama sirdi, ya ɗauki siffar bayan bindiga, amma kada ya kama ita kanta bindigar. In ya bushe, ko sau nawa ka cire sirdin ka mayar, wurinsa zai koma kamar ƙafa a tsohon silifa."

Ya ɗora sirdin, ya murɗa sukurorin a hankali ba tare da ya matse ba, ya goge abin da ya ɓulɓulo da tsumma. "Kada wanda ya taɓa ta sai ya bushe."

"To, mu ga namu aikin," in ji Kulas.

Aikin kuwa shi ne motar da Titing ke tuƙawa, wadda ke zagaya shagunan jingina na arewacin tsibirinmu tana kwashe kuɗi da sarƙoƙi. Ranar Asabar za ta bi ta ƙaramar gadar da ke tsakiyar gonakin rake. Titing zai kashe ta a kan gadar ya ce ta lalace. Kulas da Bauna su fito daga cikin rake. Tikboy yana kan tudu da doguwar.

"Mai gadi ɗaya ne, Eking, kuma ya fi son shinkafa da aikinsa," in ji Noy Ambo. "Me za ku yi da madubi?"

"Na harbin taya ne," in ji Kulas. "In 'yan sanda suka biyo mu. Titing, tashi mu gwada."

Aka mai da teburin aiki mota. Kulas ya finciko Titing, ya jingina shi, ya zabga masa marin ƙarya don mai gadi ya shaida ba da bakinsa aka yi ba. Titing ya yi kururuwa har aladu suka amsa.

"Kai, rage. Ba wasan kwaikwayon gicciye Yesu na Makon Azaba muke yi ba."

"Bos, ai sai da gishiri."

"Kai ka tsaya nan kada ka motsa. Ni zan ja gefe taku ɗaya, ta wajen bayan mota, in cire hula. Alamar an gama ke nan, kowa ya kama gabansa."

Kulas ya ja gefe. Ya cire hula.

Noy Ambo yana wanke hannu a bakin ƙofa, sai idonsa ya faɗa kan Tikboy. Tikboy ya jingina da ginshiƙi, ya kanne ido ɗaya, ya miƙe yatsa daidai ƙirjin Titing. Da hular ta bar kan Kulas, sai ya yi ƙas da harshe, a hankali, ya sauke yatsan.

Noy Ambo ya ci gaba da wanke hannun da ya riga ya fita tas. Ya gane. Direba shi kaɗai ne zai rage a wurin in an watse, shi 'yan sanda za su matsa wa, kuma duk Santa Ines an san bakin Titing ba ya riƙe ko ruwan zafi. Tsoro ya kama shi. Ƙanen nan shi ya goya shi a baya lokacin da uwarsu ke tallar kifi.

Da suka watse ya tsayar da Titing, ya kira shi Dong, yadda muke kiran ƙane.

"Dong, ka ce ba ka da lafiya ranar Asabar."

"Lafiyata ƙalau, Noy."

"Na ce ka ce. Mutumin nan ba na yarda da shi."

"Bos Kulas?" Titing ya yi dariya. "Shi fa ya riƙe 'yata a coci ranar baftisma. Kumparena ne. Mutum ya cuci kumparensa? Bari in gaya masa ma, ya sha dariya."

"Kada ka gaya masa komai. Wasa nake yi."

"Kai dai tsufa ya fara taɓa ka, Noy."

Ya hau babur ɗinsa ya gangara yana fito da baki. Noy Ambo ya san in ya ƙara kalma ɗaya, kafin rana ta faɗi ta isa kunnen Kulas, kuma gawa biyu za a ɗauka maimakon ɗaya. Zuwa wurin 'yan sanda ma bai taso ba. Kulas na da 'yan'uwa maza cike da ƙauye guda a bayan dutse, mutanen da ke ajiye gaba kamar yadda ake ajiye irin masara.

Da gam ya bushe aka fita gwaji a bayan tudu. Tikboy ya kwanta, ya murɗa maɓallan madubin har ya gamsu. Kwakwa ta farko ta tarwatse. Ta biyu ma. Ta uku ya zaɓi 'yar ƙarama da ko ido ba ya gani sosai, ita ma ta tafi.

"Noy, hannunka ya cancanci a sa shi a gilashi a coci," in ji Tikboy. Ya ciro jan farcen budurwarsa ya ɗiga a kan kowane maɓalli, don in wani ya taɓa ya sani.

"Ba a gama ba," in ji Noy Ambo. "Sai na cire sirdin na wanke man takalmin, na yanke bakin gam ɗin, na ɗaure shi ɗaurin ƙarshe. Ku zo da safiyar Asabar ku ɗauka."

"In ka cire ba zai goce ba?" in ji Kulas.

"Ka taɓa jin aikina ya goce?"

Babu wanda ya taɓa ji. Aka bar masa ita.

Wannan ɓangaren daga bakin Noy Ambo na ji shi, aska a wuyansa. Da asubar Asabar ya ɗaure bindigar a kan teburi, bakinta ta taga, tana kallon cocin da ke ƙetaren kwari. Nisan ya yi daidai da na tudun Tikboy zuwa gada. A gaban cocin kuwa akwai gumaka biyu tsaye kafaɗa da kafaɗa, San Pedro da San Pablo, taku ɗaya tsakaninsu. Ya zare sakatar ya leƙa ta cikin bututu: San Pedro. Ya leƙa ta madubi: San Pedro. Aiki mai kyau, har ya ji tausayin kansa.

Ya cire sirdin, ya faɗaɗa ramin sukurun baya da ɗan siririn zarto, ya tura wutsiyar sirdin gefe kaɗan. Ya leƙa. Ya ƙara. Ya leƙa. Sai da madubi ke nuna ƙirjin San Pedro, bututu na nuna na San Pablo.

"Ka yi haƙuri, San Pablo," ya ce. "Dama kai ka saba da wahala."

Ya cakuɗa sabon gam ya cike gurbin. Bai taɓa maɓallan Tikboy ba, jan farce na nan yadda yake. Sai ya ɗauki gwangwanin man takalmi, ya juya shi a hannu, ya mayar kan kanta bai buɗe ba. Ramin sukurun gaba yana zarcewa har cikin inda kan sakata ke kullewa. Bai toshe shi da yumɓu ba. Ya cika shi da gam, ya murɗa sukurun a kai, gam ɗin ya gangara ciki.

Da suka zo ɗauka Kulas ya sumbaci bakin bindigar, ya ɗaura mata jan ƙyallen boka.

Tikboy ya hau tudu tun hantsi. Ya kwanta cikin ciyawa, ya sa harsashi, ya tura sakata. Ya ji ta ɗan yi danƙo.

"Tsohon nan da son maiƙo," ya ce, ya danna ta ƙasa ta kulle.

Rana ta fara duka. Ƙarfen bindigar ya yi zafin da za a soya ƙwai a kai. Gam kuwa babu abin da yake so kamar zafi.

Motar ta makara, saboda Titing ya tsaya sayen burodi mai zafi, daga nan kuma suka faɗa bayan jerin gwanon masu ɗauke da gunkin waliyyin ƙauyen da ke gaban gada, ana bikinsa ran nan. Eking mai gadi na gefensa, bindigarsa tsakanin cinyoyi, yana ɓare shinkafa daga saƙar ganyen kwakwa yana haɗawa da busasshen kifi.

"Yau kana ta zufa, Ting."

"Zafi ne."

"Ga iska na kaɗawa."

"To cin kifinka ne ke sa ni zufa. Ka bar ni in yi tuƙi."

A wajen bikin kuma, ƙarƙashin rumfar kyaftin, wato dagacin ƙauyen, Sajan Gorre da yaransa uku na gadin zaman lafiya da gasasshen alade. Sajan mutum ne mai tumbi da ƙananan idanu, kuma ba shi da wauta ko kaɗan, sai dai yana son a ɗauka yana da ita. Ya samu fatar haƙarƙari mai ƙaras ƙaras, ya rufe ido zai kai baki.

Motar ta hau gada, ta yi tari, ta mutu.

"Me kuma?" in ji Eking da cikakken baki.

"Ta lalace," in ji Titing, tun kafin ya ko murɗa makulli.

Rake ya buɗe. Bauna ya fito da ƙyalle a fuska, ya fizge ƙofar, ya damƙo Eking ta kwala — shinkafa ta watse, bindiga ta faɗa ƙarƙashin kujera.

"Kwanta! Fuska a ƙasa!"

"Na kwanta, Bos, na kwanta. Ina da 'ya'ya."

"Kowa ma yana da su. Makullin baya!"

Kulas ya zagayo ta ɗaya gefen. Ya finciko Titing, ya haɗa shi da jikin mota. Mari — tas! Wannan karon na gaske.

"Wayyo! Ku ji tausayina, ni talaka ne!" in ji Titing, ya ƙara da raɗa, "Bos, wannan ya shiga fa."

"Tsaya nan. Kada ka motsa."

Bauna ya fito da jakunkuna biyu, ya rataya a wuya, ya ruga inda suka ɓoye babur. Kulas ya waiga tudu. Ya ja gefe taku ɗaya, ta wajen bayan mota.

A kan tudu Tikboy ya share zufa daga ido. Ƙirjin Titing ya cika madubi, har yana ganin ɓurɓushin burodi a rigarsa. Ya ja numfashi ya riƙe.

Kulas ya cire hula.

Tau!

Titing ya runtse ido don ƙarar. Da ya buɗe, Bos Kulas na zaune a ƙasa, ya jingina da taya, hula a hannu, yana kallon rigarsa da mamaki kamar wanda aka zuba wa miya a biki. Ya buɗe baki zai yi magana, bai samu ba. Ya kife.

"Kumpare!" Titing ya zube a kansa yana jijjiga shi. "Kumpare, tashi! Ba haka muka shirya ba!"

Eking ya ɗago fuska daga ƙasa, ƙwayar shinkafa a goshi. "Kumpare?" ya ce. "Shirya?"

Tikboy ya ɗaga kai daga madubi, ya mayar. Bai yarda da idonsa ba. Ya kai hannu zai ja sakata ya sa na biyu — ta ƙi. Ya ja da ƙarfi. Ko motsi. Ya tashi zaune ya taka gindin bindigar ya ja da hannu biyu. Ya ɗauki dutse ya buga — ƙwal! ƙwal! — hannun sakatar ya lanƙwashe, ita tana nan daram.

A rumfar biki Sajan Gorre ya buɗe ido, fatar alade a bakin leɓe.

"Wasan wuta ne, Sajan," in ji ɗaya daga cikin yaran.

"Wasan wuta ba ya amsa kuwwa a kwari. Doguwa ce, kuma ta wajen gada." Ya cusa fatar a aljihu. "Ku tashi."

Bauna ya ji jiniya, ya murɗe babur iya ƙarfinsa. Jakunkunan suka rinjaye shi a kwana. Ya bar hanya, ya tashi sama, ya sauka cikin taɓon da wata bauna ta gaske ke kwance. Ƙafa ta karye. Dabbar ta dube shi ta ci gaba da tuƙa.

Tikboy da ya jefar da bindigar ya shige rake da ya tsira. Amma bindiga ce mai tofi, an ce duk wanda ya yar da ita sai ya haukace. Ya saɓa ta ya gangara da gudu, madubi na walƙiya a rana kamar yana kiran mutane. Yaran Sajan suka tare shi a bakin rafi. Ya ɗaga ta zai tsorata su.

"Harba mana," in ji Sajan yana haki. "Tun daga can nake kallonka kana dambe da ita."

Kafin la'asar duk sun hallara a ofis, uku da ƙafafunsu ko abin da ya rage na ƙafafun, ɗaya a lulluɓe. Tikboy bai jira mari ba. Ya ce shi taya ya auna, don tsoratarwa kawai, bindiga ce ta goce, kuma wanda ya ɗaura sirdin Ambo ne na bayan garken aladu. Bai ambaci ƙirjin kowa ba, ya san bambancin shekarun fashi da na kisan ganganci.

Sajan ya hau tudu shi kaɗai, bindigar a naɗe cikin buhu. Ya tarar da Noy Ambo zaune a bakin rumfa, ya yi wanka ya sa rigar zuwa coci.

"Titing?" in ji Noy Ambo.

"Ko ƙwarzane. Yana ta kukan kumparensa."

Noy Ambo ya sunkuyar da kai. Kafaɗunsa suka girgiza sau ɗaya, ya share fuska da tafin hannu.

Sajan ya kwance buhun ya ɗora bindigar a teburi. Ya gwada sukurun gaba, ya ƙi juyawa. Ya shinshina. "Babu man takalmi, Noy. Ni da kaina na sha kawo maka tawa. Ka taɓa korata gida don na zo da baƙin mai maimakon fari. Kai ne za ka manta?"

"Tsufa."

"Ramin baya ma tsufa ne ya faɗaɗa shi?" Sajan ya zauna, ya ciro fatar aladen daga aljihu, ya dube ta, ya mayar. "Ba taya yaron nan ya auna ba, ni da kai mun sani. Ka faɗa a gaban alƙali. Ka ce ka gane za su kashe ƙanenka, ka ɓata bindigar. Za ka zama shaida, ka dawo ka ci gaba da kiwon aladunka."

"In na faɗa, 'yan'uwan Kulas za su ji?"

"Kotu a buɗe take."

"Titing kuma yana gidan yari, inda rabin mutanen ciki 'yan bayan dutse ne."

Sajan ya sosa ƙeya.

"In kuskure ne, ƙaddara ce, za su zage ni su haƙura. In ganganci ne, jini ne, kuma ta kansa za su fara don in gani." Noy Ambo ya miƙa hannuwansa biyu. "Kuskure ne, Sajan. Na manta mai, hannuna ya karkace. Rubuta haka."

A kotu ma haka ya faɗa, a gaban duk maƙeran garin da suka cika benci don su ji da kunnensu. Aka yi dariya har alƙali ya buga tebur. Titing ya miƙe daga cikin akwatin masu laifi ya nuna shi da yatsa.

"Aikinka na banza ya kashe kumparena! Tsohon kwano, wanda bai iya ɗaura sirdi ba! Daga yau ba ni da wa."

'Yan'uwan Kulas na layin baya, sun harɗe hannu. Babbansu ya tofar da yawu ya ce wa na kusa da shi, mutumin da ƙanensa ma ya tsine masa ba ya buƙatar harsashi. Suka fita.

Ga yadda aka tashi. Kulas na maƙabarta, an binne shi da zobbansa, aka tone aka sace kafin sati. Bauna na ɗingishi har yau. Tikboy ya fito da furfura, yana sayar da kwakwa a tasha. Kuɗin ko sisi bai yi ciwon kai ba, sai taɓo da ya ɓata su. Eking ya samu ƙarin girma, don ya gaya wa kamfaninsu shi ya yi harbin.

Noy Ambo shi ya biya mafi tsada. A Santa Ines in tela ya ɗinka wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, sai a ce ya yi aikin Ambo. In mace ta ƙona shinkafa, aikin Ambo. Yaran da ba su taɓa ganinsa ba sun iya faɗa. Mutumin da bai mallaki komai ba sai sunan hannunsa.

Ni nake zuwa yi wa fursunoni aski. Da Noy Ambo da Titing duk an ɗaure su, fili ɗaya suke shan iska, kuma in Noy Ambo ya zauna a wannan gefen, Titing sai ya koma wancan. In suka haɗu a layin abinci, Titing ya ce da ƙarfi, "Ku matsa, kada ya ɗaura muku sirdi." A yi dariya. Noy Ambo ya karɓi kwanonsa ya wuce. Na ji haushin yaron nan har na taɓa yanke masa kunne da gangan.

A can ne Noy Ambo ya ba ni labarin, ya sa na rantse ba zan faɗa ba muddin akwai ɗan'uwan Kulas da ke numfashi. Tari ya kashe shi a ciki, saura kaɗan ya fito. Titing bai je jana'iza ba ko da yake an ba shi izini.

Bara na ƙarshen 'yan'uwan Kulas ya mutu, zakaransa na faɗa ya tsarge masa jijiyar cinya da wuƙar da ake ɗaura wa zakaran a ƙafa. Bayan kwana kaɗan Titing ya shigo shagona. Ya yi ƙiba, ya yi sanƙo, 'yarsa za ta yi aure yana son gyaran fuska. Na kwantar da shi, na shafa kumfa, na ɗora aska daidai inda ba zai iya katse ni ba, na zayyana masa komai. Yatsan Tikboy, San Pedro da San Pablo, tayin Sajan. Ban rage masa ko ɗaya ba, kuma na ji daɗin faɗa.

Na ɗaga askar ina jiran ya fashe da kuka.

"Na sani, Noy Pidoy," ya ce.

"Ka san me?"

"Tun ranar farko a ɗakin tsaro. Na zauna ina tunani, me ya sa Bos ya waiga tudu kafin ya cire hula, me ya sa ya ce kada in motsa. Ni wawa ne, amma a gidan na girma. Noy Ambo bai taɓa manta mai ba ko yana zazzaɓi." Idonsa na kan rufi. "In ni na gane, su ma za su gane. Sai in sun ga ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya ya yarda kuskure ne. Dole in zage shi, kullum, inda za su ji."

"Ba ka taɓa raɗa masa ba? Ko sau ɗaya?"

"Da wane baki? Kai ka san bakina. In na fara ba zan iya tsayawa ba, kuma in ya sani, fuskarsa za ta nuna in na zage shi." Ya share kumfa daga leɓe. "Na ce in mun fito zan gaya masa. Na tanadi maganar, har na haddace ta."

Hawaye ya gangaro ya yi hanya a cikin kumfar, ya shige kunnensa.

"Ya taɓa ce maka wani abu a kaina?" ya tambaya.

Ya ce. Sau da yawa, kuma magana ɗaya ce. Na faɗa masa yadda take.

"Cewa yake, ka ga yaron nan yana cin abinci kuwa?"

Titing ya rufe ido. Ana ta buga ƙararrawar coci a ƙetaren hanya.

"Ƙarasa askin, Noy," ya ce. "Ana jirana a gida."